Ƙyallen Lasifikun Halliru Sauti

Kun san shi, kada wani ya ce bai san shi ba. Duk wanda ya taɓa haye gadar Wudil da ƙafa ya ga mutumin nan da ke zama a gindin darbejiya kafin a hau gadar, kunnuwansa cushe da auduga, tafukansa a kan audugar. Kuna wuce shi in za ku kasuwa, kuna wuce shi in kun dawo. Na tsaya na kalli yadda kuke yi: daidai wurin ne kowa yake tunawa da wani abin dubawa a ɗaya gefen titi. Mai keke ya duba tayarsa, mai tafiya masallaci ya duba agogo. Yara ne kaɗai suke kallonsa ido cikin ido, su ma don ba a gaya musu komai ba ne.

Ni ba a nan aka haife ni ba. Aikin gwamnati ne ya kawo mahaifina Wudil ina sakandare. Da na tambaya, aka ce mini sunansa Halliru, iska ce ta buge shi a bakin kogi, kuma abin a jininsu yake, don kakansa ma haka ya ƙare. Manya ne suka faɗa, masu furfura, a kan tabarma bayan la'asar. Na tafi Kaduna na karanta aikin lantarki, na dawo na buɗe shagon gyaran rediyo, kuma har zuwa daminar bana iyakar abin da na sani game da shi ke nan.

Bana soja suka koma bariki. Unguwarmu ta samu kansila, aka kafa kwamitin walima, aka ba Alhaji Ƙasimu dillalin shanu shugabanci, ni kuma aka ɗora mini kula da sauti tunda ni ne mai yawo da sukudireba a aljihu. A zaman farko na ce a ɗauko hayar lasifika daga Kano. Alhaji ya girgiza kai yana murmushi.

"Injiniya, kai yaro ne. Me za mu nema a Kano muna da namu? Akwai wasu lasifiku biyu a garin nan, 'yan Ingila, katakon jikinsu kaɗai ya fi ka nauyi. Da su aka yi kamfen ɗin saba'in da tara. In aka kunna su a Kara, kasuwar shanu, manomin da ke Lajawa sai ya ajiye fartanya ya saurara."

Wani daga baya ya ce, "Alhaji, a ɗan rage gishiri."

"Ban sa ko ƙwaya ba. Farar hula ta tafi da su, farar hula za ta dawo da su. Suna gidan Yelwa mai kifi. Ƙyallen fuskarsu ne kawai ya tsufa." Ya jawo leda daga gefensa, ya miƙo mini shadda fara sol, sai ƙyalli take yi. "Ka yi musu sabuwar riga. Ranar walima nake so su fito kamar angwaye."

Shawarar ta burge ni. Muryar da aka toshe tun ina ƙarami za ta sake tashi, kuma da hannuna. Washegari da hantsi na zuba filaya da reza da ƙananan ƙusoshi a jaka, na nufi bayan 'yan kifi, inda gidan Yelwa yake.

Na yi sallama aka ce in shiga zaure. Ta fito tana goge hannu da gefen zane, doguwar mace mai ƙaramar murya, hayaƙin banda ya rina mata ido. Muka gaisa. Ta tambayi gida, ta tambayi mahaifiyata da ciwon gwiwarta, ta tambayi yadda muka ji da ruwan shekaranjiya, na ce ruwa ya yi gyara. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

Ta kalli ledar da ke hannuna.

"Ƙasimu ne ya aiko ka?"

"Shi ne, Inna."

"Da bakinsa ya ce lasifikun gidan Yelwa?"

"Da bakinsa."

"Bai ce na wane ne ba?"

"Bai ce ba."

"Ikon Allah," in ji ta. Ta juya ta ɗaga murya kaɗan. "Rabi, zo ki taya ɗan boko fito da kayan babanki."

Sai da Rabi ta fito na gane ta. Ita ce budurwar da nake gani kullum da azahar tana ajiye wa mutumin bakin gada kwanon abinci, ta tsuguna har ya gama ci. Na ɗauka sadaka ce ake aiko ta da ita. Ashe mahaifinta ne. Ashe lasifikun da Alhaji yake ta yi wa kirari nasa ne.

Da ƙyar muka jawo su daga ɗakin baya zuwa zaure inda akwai haske. Alhaji bai yi ƙarya ba a kan nauyinsu. Kowanne ya kai mini ƙirji, baƙin katako mai santsi, kusurwoyinsa da tagulla, hannayen ɗauka a gefe. Sai dai fuskarsu ba ƙyallen kamfani ba ne a kai. Baƙin saƙi ne mai kauri, an ja shi an ɗinke da manyan ɗinki ta bayan katakon da ke riƙe ƙyallen.

Na ce, "Inna, wa ya sa saƙi a fuskar lasifika? Ai wannan toshe murya yake yi."

"Don haka aka sa," ta ce, ta zauna a dakalin zaure.

Ban tsaya kan maganar ba. Na warware shaddar Alhaji, na kara ta a bakina na hura, tafin hannuna a ɗaya gefen. Haka ake gwada ƙyallen lasifika: in iskar bakinka ba ta ratsa ba, murya ma ba za ta ratsa ba.

Rabi ta ce, "Injiniya, shaddar Alhaji kake tofa wa yawu? Ko addu'a ce ta makarantarku?"

"Gwaji ne. Kin ga, ko kaɗan ba ta wuce. Wannan ta sa wa mutum ce ranar Sallah. Sai na shiga kasuwar Kwari a Kano na samo mai sako-sako."

"To ka gaya masa da kanka. Mu ba ma mayar da kyautar manya."

Na ɗauki reza na fara yanke ɗinkin saƙin ɗaya bayan ɗaya. Na yi tsammanin in tarar da ƙyallen asali ya yage, ko ɓera ya cinye shi. Da saƙin ya zame ƙasa sai ga shi lafiya ƙalau, ruwan ƙasa da zaren zinariya, saƙa mai kyau wadda ba a yin irinta yanzu. Ba yaga, ba huji. Abu ɗaya ne kawai: wani tabo baƙi-baƙi, faɗin tafin hannu, ƙasa kaɗan da saman akwatin, wanda ya zubo layi-layi har gindi. Na ce ko man inji ne. Na kankara da farce, na ji ya bushe ƙam kamar fata. A cikin saƙar akwai 'yan gajerun gashi a maƙale.

Na buɗe na biyun. Tabo iri ɗaya, tsayi ɗaya. A kusurwoyin katakon kuma akwai gurbin da wani abu ya goga har ya ci fenti, zagaye da akwatin, sama da ƙasa.

Inna Yelwa ta ce, "Juyo da su su fuskanci juna."

Na juyo da su.

"Matso da su. Ƙara. Ƙara dai."

Na yi ta matsowa har abin da ya rage tsakaninsu bai fi faɗin ƙwarya ba.

"To durƙusa a tsakani, ɗana."

Na durƙusa na sa kaina. Tabon dama ya zo daidai kunnena na dama, na hagu daidai na hagu. Ƙyallen yana taɓa kumatuna biyu. A bayansa, kusa har ina jin warin ƙura, ga baƙaƙen faya-fayan takardar da ke fitar da sauti, kowanne ya fi faɗin tire. Na san abin da suke iya yi, aikina ne. Na taɓa ganin ƙaramin irinsu ya sa kofi yana tafiya a kan tebur.

Ban san yadda na fito ba. Na dai tsinci kaina zaune a ƙasa, bayana a bango.

Ta ba da labarin a hankali, ba kuka, kamar mai lissafa kayan miya. Bazarar tamanin da huɗu ce, bayan soja sun karɓi mulki sun hana siyasa. Halliru yana da rumfa a bakin Kara, yana ba da hayar sauti a biki da suna, har ake ce masa Halliru Sauti. Ranar wata Juma'a wani ya kawo masa kaset ya ce a gwada masa. Ya sa. Waƙar jam'iyya ce ta lokacin farar hula. Kafin ya kai hannu ya kashe, motar wasu sojoji da ke wucewa ta tsaya. Suka ce tunda yana son waƙa, yau zai ji ta ya ƙoshi. Suka durƙusar da shi, suka haɗa akwatunan biyu da kansa a tsakani, suka ɗaure da igiyar shanu, suka murɗa maɓallin sauti har ƙarshe. In kaset ya ƙare su juya shi. Da batir ya mutu aka kawo wani daga wata babbar mota. Tun saukowa daga masallaci har rana ta yi sanyi.

Na ce, "Ba a tashi kasuwa ba?"

"A tashi a je ina? Juma'a ce fa. An sayi shanu, an sayar."

"Ba wanda ya yi magana?"

"Ko ya yi wa zai ji? Ai ba a jin komai sai waƙar." Ta gyara ɗaurin kallabinta. "A baro aka kawo mini shi, jini ta kunne biyu. Tun ranar bai sake jin sauti ba, bai kuma sake shiga inda akwai bango dama da hagu ba. Ko zauren nan ba ya shiga. Mun ɗaure shi mun shigar da shi sau ɗaya, saboda ruwan sama, na rantse ba zan ƙara ba."

Kafin mako ya zagayo, in ji ta, dattawan unguwa suka zo mata jaje. Bayan addu'a suka ce kada ta jawo wa gari abin da ya fi wannan, ta ƙone akwatunan. Ta ce kayan mai rai ne, ba ta da ikon ƙona su. Suka ce to ta rufe. Ta rufe da zanen da aka kawo ta gidan da shi. Suka ce kuma in wani baƙo ya tambaya, a ce iska ce.

"Kakansa fa? An ce mini kakansa ma..."

"Kakansa limami ne a Achika. Ranar da zai rasu yana gyara wa mai yi masa karatu wasali. Kakan daga baya aka ƙara shi. Labari in ya daɗe yana yawo ai haihuwa yake yi."

Duk wannan lokacin Rabi tana tsaye. Ranar da abin ya faru tana Achika wajen kakarta, ƙarama ce. Ta girma da labarin daga bakin mahaifiyarta, amma ba ta taɓa ganin abin da ke ƙarƙashin saƙin ba. Ta matso ta ɗora yatsu biyu a kan tabon, ta bi layin da ya zubo har ƙasa.

"Inna, kullum a ɗakin da nake kwana suke."

"Na sani."

"A kansu nake ajiye fitila."

Inna ta ɗago kai. Ni ta kalla. "Ka san abin da ya sa na bar ka ka buɗe? Ba don walimar Ƙasimu ba."

Akwai wani malamin firamare ɗan Utai, Ɗahiru, da ke neman Rabi, ita ma tana son sa. Kafin shi, manema biyu sun zo, sun kai har kawo kaya, sannan danginsu suka yi bincike a gari kamar yadda aka saba, suka janye ba tare da sun faɗi dalili ba. Dalilin kowa ya san shi: ba a ɗauko hauka a kai gida. Ɗahiru ya ce shi ya ji ya gani, har danginsa sun kawo kaya. Amma mahaifinsa ya rasu, maganar tana hannun baffansa, Malam Auta, kuma shi ma ya riga ya zaga gari ya yi tambaya.

"Na aika masa ya zo ya ga abu," in ji ta. "Ina ta tunanin yadda zan iya sa reza da hannuna. Sai ga ka da taka."

Malam Auta ya zo ranar Lahadi a kan keke, ƙafafun wandonsa duk taɓo. Gajeren tsoho ne, manomi, ba ya gaggawar magana. Ya zauna a zaure ya sha ruwa, ya saurari Inna har ta gama. Ya tashi ya zagaya akwatunan, ya sunkuya ya duba gurbin igiyar, ya daɗe a kan tabon. Sannan ya miƙe ya dubi Inna.

"Na ga tabo, Yelwa," ya ce. "Allah ya isa ga wanda aka zalunta, in haka ne. Amma tabo ba ya magana. Jinin akuya ma haka yake bushewa."

Na ce, "Baba, ka ga fa tsayinsa, ka ga..."

"Ɗan samari, kai kana ina a shekarar?"

"Ba ma garin."

"To. Ita uwa ce, abin da zai aurar da 'yarta za ta faɗa, ban ga laifinta ba. Kai kuma ji ka yi, kamar ni. Na tambayi dattawan garin nan waɗanda aka ce mini ba sa ƙarya. Wasu sun ce iska, wani ya ce gado. Alhaji Ƙasimu, da na dogara da shi, ya dubi ƙasa ya ce Allah ne masani."

Wanda ya taɓa zuwa binciken aure ya san ma'anar wannan. In ka tambayi dattijo halin gida ya ce maka Allah ne masani, ya gama gaya maka ka nemi wani gidan.

"Yarinyar nan ta kwanta mini a rai," in ji Malam Auta. "Na ga yadda take da mahaifinta. Jikoki nake ji wa tsoro, amanar ɗan'uwana ce a wuyana. Ku ba ni mutum ɗaya mai furfura da zai dube ni ya ce da idonsa ya gani. Ɗaya ya ishe ni. Zan shigo kasuwa Juma'a, in an sauko masallaci zan biyo nan. In akwai, mu sa rana. In babu, ku yi haƙuri in karɓi kayanmu."

Da ya fita har dariya na yi. Na ce wa Inna ta kwantar da hankalinta. Abin da aka yi a tsakiyar Kara ranar Juma'a, da rana tsaka, ai ba shaida ɗaya ba, ɗari za a samu. Yanzu ba soja. Wa za a ji tsoro?

Ta ce, "Allah ya sa, ɗan boko."

Na tarar da Alhaji Ƙasimu a rumfarsa da mutanensa, suna cin gyaɗa. Na gaishe shi, na ajiye ledar shaddar a gabansa.

"Ba ta isa ba ne, Injiniya?"

"Alhaji, na buɗe lasifikun. Na ga abin da ke jikinsu."

"Af. Har yanzu yana nan? Na ɗauka ta wanke." Ya ɓare gyaɗa ya watsa a baki. "Ranar ba daɗi, gaskiya. Ai ina wurin. Igiyar ma tawa ce. Sabuwa dal, na sayo ta don wani bijimi ɗan Adamawa mai taurin kai, suka fizge a hannuna. Har yau ba wanda ya dawo mini da ita."

Wani a cikin mutanensa ya yi dariya. Na zo da shirin ya musa, na tanadi abin da zan ce in ya musa. Ban tanadi komai don wannan ba.

"Ka san abin da aka yi da su, ka aike ni in yi musu riga?"

"To me za a yi da su? Katako ne ya yi laifi? Ni girmamawa na gani a ciki, a ce kayan Halliru ne suka buɗe sabuwar gwamnati. Har na yi niyyar a yi wa iyalinsa ihsani."

"Ba ihsani suke nema ba, ranka ya daɗe. Magana ɗaya ce. Ka zo ranar Juma'a ka gaya wa Malam Auta abin da ka gaya mini yanzu. Ko maganar igiyar kaɗai ta isa."

Ya daina tauna. Ya nuna mini benci. "Zauna, Injiniya. Ku 'yan boko komai a tsaye kuke son yin sa. Shekara goma sha biyar ana tambayata ina cewa iska. Yau in tashi in ce ba iska ba? Dattijo ba ya magana biyu. In na yi, wa zai ƙara yarda da ni in na ce saniyar nan lafiyarta ƙalau?"

"Amma ƙarya ce."

"Rufin asiri ne. A lokacin shi ya tsare garin nan, kai ba ka san yadda ake ciki ba. Sannan in na ce na gani, baƙon nan zai ce, to Alhaji, kai me ka yi? Me zan ce masa? In ce ina riƙe da ƙahon sa?"

"Ka ce ka ji tsoro. Kowa ya ji tsoro, ba abin kunya ba ne."

"A gaban mutumin Utai?" Ya kalli mutanensa. "Kun ji yaro."

Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Yarinyar ai kyakkyawa ce. Allah zai kawo wani daga nesa, wanda ba zai tsaya bincike ba."

"Ka ji magana," in ji Alhaji. Ya turo mini ledar da ƙafa. "Kuma yanzu lokacin yafiya ne, ba ka jin rediyo? Ɗauki shaddar nan ka ɗinka, in ba za ta yi wa lasifika ba. Za ta yi maka kyau ranar walima."

Na bar ta a wurin.

Sauran kwanakin na rufe shago na bi gari. Direban da aka ciro batir daga motarsa yanzu mai motoci ne, ya ce shi ranar yana Gaya. Na ce ban faɗi wace rana ba tukuna. Ya ce ko wacce ce, yana Gaya. Wani malami da nake girmamawa ya riƙe hannuna ya ce fitina barci take yi, kada in tashe ta, kamar ba ita ce take zaune a bakin gada ido biyu ba. Mutum ɗaya ce ta amsa mini kai tsaye, wata tsohuwa mai fura. Ta ce ta gani, ƙwaryarta ma a kusa take, har nonon cikinta yana rawa saboda ƙarar, kuma za ta zo ta faɗa. Kafin la'asar ɗanta, wanda ke neman aiki a wajen sabon kansila, ya zo ƙofar shagona ya ce tsohuwa ta fara rikicewa, kada in ƙara zuwa gidansu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ba wanda ya ce mini ba a yi ba. Ba wanda ya yi mamaki. Kowa yana da nasa guntun: wannan ya tuna waƙar, wancan ya tuna zafin ranar, wani ya tuna farashin shanu ya faɗi da yamma. Duk kuna ɗauke da shi, kuna ci kuna sha da shi, kuna aurar da 'ya'yanku, kuna barin 'yar Halliru tana tsufa a ɗaki saboda ƙaryar da kuka yi don ku samu barci.

Jiya Laraba aka yi walimar, da lasifikun haya daga Kano, a filin da ke gangaren gada. Ban taɓa musu waya ko ɗaya ba, amma na je. An yi jawabai. An ce zamanin danniya ya wuce, talaka zai ɗaga kai. Aka tafa. Sannan aka saki kiɗa, mai sautin kuma yaro ne mai son a san ya zo, ya murɗa har ƙarshe.

Halliru ba ya ji, amma ƙasa tana kai masa girgizar kiɗan. Na ga ya ɗago kai. Ya ɗora tafinsa a ƙasa, ya janye da sauri kamar ya taɓa garwashi. Sai ya tashi daga inda yake zaune, ya durƙusa, ya mayar da hannayensa baya ya haɗe su, ya miƙar da wuyansa ƙam, ba ya juyawa dama ba ya juyawa hagu. Ba wanda ya taɓa shi. Ba igiya. Haka ya tsaya, gumi yana zuba daga haɓarsa, idanunsa a buɗe, yana jira a juya kaset.

Rabi ta zo da kwanon abinci ta tarar da shi a haka. Ta ajiye kwanon. Ta yi ƙoƙarin raba hannayensa, suka ƙi rabuwa. Sai ta durƙusa a gefensa, a gaban duk jama'ar da ke filin, ta zauna tare da shi. Na je wajen mai sautin na ce ya rage. Ya ce sai shugaban kwamiti ya ce. Na je wajen Alhaji Ƙasimu a kan kujerar gaba. Ya leƙa ta saman kafaɗata, ya ga abin da nake nuna masa, ya ce, "Ai ba ya ji, Injiniya." Ba a rage ba sai da aka kira la'asar.

Gobe Juma'a. Inna Yelwa ta riga ta haɗa kayan mutanen Utai a cikin akwatinsu ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce gara su tarar da shi a shirye da a ce ta tsaya roƙo.

Ba zanga-zanga nake kira ba, ba kuma kotu ba. Malam Auta mutum ɗaya ya nema. In kana Kara a waccan Juma'ar, ko shanu ka kawo, ko goro kake sayarwa, ko wucewa kawai kake yi ka toshe kunne ka ƙara sauri, kai nake nufi. Gobe in an sallame, kada ka bi ta kasuwa. Ka bi ta bayan 'yan kifi, gida na ƙarshe kafin gangaren kogi, inda hayaƙin banda yake tashi. Ka yi sallama, ka zauna, ka dubi tsohon nan ka ce masa ka gani. In ya tambaye ka me ka yi, ka ce ba ka yi komai ba, ba zai cinye ka ba. In kuwa kai sa'ana ne, ba ka isa ganin komai ba a shekarar, to yau ka tambayi mahaifinka inda yake tsaye ranar, gobe ka riƙo hannunsa ka kawo shi.